Gardamar 'Yan Kallo a Kan Wani Wasan Sinima Mai Ban Tsoro

A cikin shekarar 2009 aka fito da wani wasan sinima a ƙasar Amurka mai suna Paranormal Activity, watau aukuwar abubuwan da hankali ya kasa gano dalilinsu, irin waɗanda a kan jingina wa aljannu da fatalwa. Kuɗin da aka kashe wajen ɗaukarsa kamar dala 15,000 ne kurum, abin da a wancan lokaci da ƙyar zai sayi ƙaramar mota sabuwa a ƙasar. Amma kafin a gama zagawa da shi gidajen sinima na duniya ya tara fiye da dala miliyan 190. Da wuya a sami wata sana'a inda uwar kuɗi kaɗan haka ta haifi riba mai yawa haka.

Mai jin wannan lissafi zai zaci duk wanda ya shiga kallo ya fito yana yabo. Ba haka aka yi ba. 'Yan kallo sun rabu gida biyu, kowane ɓangare kuwa ya kafe a kan nasa. Waɗansu suka ce sun yi kwanaki ba su iya barci sai da fitila a kunne. Waɗansu suka ce an cuce su, sun biya kuɗi sun zauna wajen awa ɗaya da rabi suna kallon mutum biyu suna barci, ba abin da suka gani sai ƙofa ta ɗan motsa. Ga shi kuwa hoto ɗaya suka kalla, sau da yawa ma a zaure ɗaya, kujera kusa da kujera. Ruwa ba ya tsami banza, saboda haka ya kamata a bi wannan saɓani a ga inda ya samo asali, a kuma auna maganar kowane ɓangare, gama a cikinsa akwai darasi ga duk wanda ya saba dogara da faɗar jama'a kafin ya fid da kuɗinsa, ko kafin ya ba da gaskiya ga wani labari.

Yadda Aka Shirya Shi

Wanda ya shirya wasan sunansa Oren Peli, haifaffen ƙasar Isra'ila, ya ƙaura zuwa Amurka tun yana saurayi. Sana'arsa tsara wasannin kwamfuta, bai taɓa shiga makarantar koyon aikin sinima ba. Ya ce tunanin ya zo masa ne bayan da ya tare a wani gida a birnin San Diego, cikin jihar Kalifoniya, inda ya riƙa jin ƙwanƙwasa da motsi da dare, irin wanda kowane gida kan yi wa baƙon da bai saba da shi ba. Sai ya tambayi kansa, da mutum zai kafa kyamara ya kwanta barci, me zai tarar a cikinta da safe? A cikin 2006 ya ɗauki wasan duka a gidan nan nasa, cikin kwana bakwai. 'Yan wasa biyu da labarin ya rataya a wuyansu, Katie Featherston da Micah Sloat, ba wanda ya san su a lokacin, kowannensu dala 500 aka ba shi da fari. Ba a rubuta musu maganganun da za su haddace ba, sai dai a gaya musu abin da zai faru, su kuwa su faɗi abin da ya zo bakinsu.

An fara nuna shi a cikin 2007 a wani bikin wasannin tsoro da a ke yi a Los Angeles mai suna Screamfest. Daga nan labarinsa ya kai kunnen kamfanin DreamWorks. Niyyar manyan kamfanin ita ce su sayi labarin, su ajiye wannan hoto mai araha, su sake ɗaukar wani da kuɗi masu yawa. Peli ya roƙa a gwada nuna nasa ga jama'a ko sau ɗaya ne. Aka yi gwajin a cikin 2008. Kamar yadda mutanen kamfanin suka ba da labari, ana cikin kallo sai 'yan kallo suka fara tashi suna fita ɗaya bayan ɗaya, har manyan suka ɗauka wasan ya gundure su ne. Da aka tambaye su dalili, sai suka ce tsoro ne ya kore su. Nan take aka fasa sake ɗauka. Kamfanin Paramount ya fito da shi ran 25 ga watan Satumba, 2009, a garuruwa 13 masu jami'o'i, ana nuna shi da tsakar dare. Bayan sati uku aka bazu da shi ko'ina cikin ƙasar.

Labarin a Taƙaice

Labarin ba shi da rassa. Wata ɗaliba Katie da saurayinta Micah suna zaune gida ɗaya ba tare da an ɗaura musu aure ba, kamar yadda a kan yi a waɗansu ƙasashen Turawa. Katie ta gaya masa wani abu yana bin ta tun tana 'yar shekara takwas. Micah, wanda ya ɗauki al'amarin abin wasa, ya sayo kyamara babba don ya bincika, ya kafa ta a ɗakin kwanansu tana fuskantar gado da ƙofa. Suka kira wani mai duba. Mutumin ya ce musu abin da ke gidan ba fatalwar mamaci ba ce, shaiɗani ne, kuma aikin ya fi ƙarfinsa. Ya ce barin gidan ba zai amfane su ba, gama yarinyar abin ke bi. Ya hore su kada su tsokane shi, kada su nemi magana da shi, ya kuma ba su sunan wani masani da ya ƙware a irin wannan sha'ani.

Daga nan sai dare ya riƙa bin dare har ashirin da ɗaya, ko da ya ke ba dukansu aka nuna ba. Da fari makullai ne aka tarar a ƙasa da safe. Sa'an nan ƙofa ta motsa da kanta. Sa'an nan wata ƙara mai girgiza gida. A wani dare Katie ta tashi cikin barci ta tsaya bakin gado tana kallon Micah har wajen awa biyu, da safe kuwa ba ta tuna kome ba. Micah ya barbaɗa hoda a ƙasa, aka ga sawun da ba na ɗan Adam ba. Ya leƙa cikin silin, ya tsinci wani hoton Katie na ƙuruciya da gefensa a ƙone, wanda a ke zaton ya halaka tun gobarar da ta cinye gidan iyayenta. A dare na ashirin aka fizgi ƙafarta aka ja ta daga kan gado zuwa cikin duhu. A na ashirin da ɗaya aka kashe Micah. Tun daga farko har kusan ƙarshe ba a nuna siffar abin ba, sai sawunsa da inuwarsa da ayyukansa.

Hujjar Masu Yabo

Masu yabo sun fi yawa a cikin masu sharhi na jaridu. Roger Ebert na jaridar Chicago Sun-Times, wanda ya rasu a 2013, ya ba shi tauraro uku da rabi cikin huɗu, yana mai cewa wasan ya nuna shiru da jira su kan fi hayaniya da yawan dabarun hoto kama zuciya. A ma'ajiyar Rotten Tomatoes, inda a ke tara ra'ayoyi a kan wasannin sinima, fiye da kashi 80 cikin 100 na masu sharhi sun yarda da shi, amma a cikin sauran 'yan kallo waɗanda suka yarda ba su kai kashi 60 ba.

In an duba yadda aka tsara hoton dare za a gane abin da suka gani. Kyamara tana tsaye wuri ɗaya ba ta motsi. Gado yana dama, ƙofa a buɗe tana hagu, bayanta duhu. A gefen hoton akwai agogo mai nuna sa'a da minti. Sai a sa agogon ya yi ta gudu, masu barci suna juyi da sauri, sa'an nan farat ɗaya ya koma tafiyarsa ta kullum. Ba a daɗe ba mai kallo ya koyi cewa duk sa'ad da agogon ya rage gudu wani abu na tafe. Babu kiɗa, sai wani gurnani can ƙasa ƙasa, wanda ƙirji ke ji kafin kunne. A wannan lokaci idon mai kallo ba ya hutawa. Yana duba ƙofa, ya duba bargo, ya koma ƙofa, ya leƙa duhun da ke bayanta. Ba a gaya masa inda zai duba ba, saboda haka shi da kansa ya zama mai binciken, kuma abin da mutum ya gano da idonsa ya fi tsorata shi bisa wanda aka tura masa a fuska.

Wannan dabara tsohuwa ce. Tsohuwa mai yi wa jikoki tatsuniya da dare ba ta tsayawa ta ƙirga haƙoran Dodo ko ta auna tsawonsa. Ta kan rage murya ne, ta ce ga shi nan tafe, ta yi shiru. Kowane yaro sai ya ƙera nasa Dodon daidai da abin da ya fi tsoro, kuma ba mai zanen da zai iya zana wanda ya kai wannan muni. Haka Peli ya yi. Rashin kuɗi ya hana shi ƙera dodon roba, sai ya bar wa 'yan kallo aikin ƙerawa. Irin wannan ta taɓa samun Steven Spielberg sa'ad da ya ke shirya Jaws, wanda ya fito a 1975. Kifin ƙarfen da aka ƙera masa ya yi ta lalacewa, dole ya rage nuna shi, wasan kuwa ya ƙara ban tsoro saboda haka.

Hujja ta biyu ta masu yabo ita ce wurin da aka ajiye tsoron. Yawancin wasannin tsoro su kan kai mutum daji, ko kufai, ko maƙabarta, wuraren da in ya fita sinima ba abin da zai kai shi can. Wannan kuwa ya ajiye shi a ɗakin kwana, a kan gado, cikin barci. Mutum na iya ƙin zuwa maƙabarta da dare, amma ba ya iya ƙin barci. Shi ya sa da yawa suka ce a sinima ba su ji wani tsoro mai yawa ba, sai da suka koma gida suka kashe fitila, katakon ƙofa ya yi 'yar ƙara.

Hujjar Masu Kushe

Ƙarar masu kushe iri huɗu ce, kuma ba dukanta za a kora ba.

Ta fari, sun ce ba abin da ke faruwa. In an tattara dukan abubuwan mamaki da ke cikin minti 86 na wasan, ba za su wuce 'yan mintoci ba, saura jira ne. Lissafin nan daidai ne, amma hukuncin da aka gina a kansa bai tsaya ba. Jiran shi ne wasan. Da a daren farko aka ja Katie daga kan gado, da ba abin da zai rage na dare ashirin masu zuwa. Motsin ƙofa na ɗan taƙi ɗaya ne ya sa fizgar ƙafa ta zama abin firgita sa'ad da ta zo, gama an riga an horar da ido ya ji tsoron ƙaramin abu.

Ta biyu, sun ce araharsa ta yi yawa. A cikin shekarar nan ta 2009 aka fito da Avatar, wanda aka kashe wa fiye da dala miliyan 200, sai mutum ya ga ba dalilin da zai biya kuɗin shiga don ya kalli abin da maƙwabcinsa zai iya ɗauka a falonsa. Wannan ma magana ce mai rauni. Mai cin tuwo ba ya tambayar kuɗin tukunya. Bugu da ƙari, da hoton ya yi kyau, da haske ya daidaita, da fuskokin sanannun 'yan wasa ne, da ba wanda zai ji kamar yana leƙen gidan mutane na gaske.

Ta uku, sun ce Micah wawa ne, kuma hirarsu ta rana tana gundura. A nan suna da rabin gaskiya. Wautar Micah da gangan aka sa ta, ita ce ma ƙashin bayan labarin. An ce kada ya tsokani abin, ya yi ta kiransa yana yi masa ba'a. Katie ta sa shi alkawari ba zai sayo allon nan mai haruffa da Turawa ke kiran ruhohi da shi ba, wanda a ke ce wa Ouija, sai ya je ya aro, ya ce ai bai saya ba. An ba su sunan masani, ya hana a kira shi, wai shi ne mai gida, shi zai magance abin da ya shigo gidansa. Ran da aka ga babu makawa aka nemi masanin, sai aka tarar ya yi tafiya. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Mutumin da girman kai ya hana shi neman taimako har ya jawo wa na kusa da shi halaka, ba a Kalifoniya kaɗai a ke samunsa ba, kuma haushinsa da 'yan kallo suka ji shaida ce cewa an zana shi daidai. Amma inda masu kushe suka yi gaskiya shi ne, gardamar da su biyun ke yi da rana iri ɗaya ce kullum. Ta ce ya kashe kyamara, ya ƙi, ta yi fushi, ya ba ta haƙuri, gobe a sake. Rashin rubutaccen zance ya ba maganarsu kamar gaske, amma ya hana ta ci gaba. Da an datse kashi ɗaya cikin uku na wannan hira, da wasan bai yi asarar kome ba.

Ta huɗu, sun ce ƙarshen bai dace ba, kuma a nan gaskiyarsu cikakkiya ce. Ƙarshen da Peli ya fara ɗauka daban ne. A cikinsa, bayan an ji ihu daga ƙasan bene, Katie ta hau ita kaɗai da wuƙa a hannu, ta zauna a gefen gado tana rangaji, dare ya wuce, rana ta wuce, har 'yan sanda suka zo suka harbe ta cikin ruɗewa. Wanda aka nuna a gidajen sinima kuwa, wanda aka sake bisa shawarar Spielberg, a cikinsa an wurgo gawar Micah ta bugi kyamara, sa'an nan Katie ta rarrafo, ta yi murmushi, fuskarta ta rikiɗe, ta zaburo wa mai kallo. Wannan ya sa zaure ya ɗauki kururuwa, ya kuma bar ƙofar ci gaba da labari a buɗe, abin da kamfani ke so ke nan. Amma ya karya dokar da wasan ya kafa wa kansa. Wanda ya yi minti tamanin yana ɓoye fuskar Dodo bai kamata ya fito da ita a mintin ƙarshe ba.

Abin da Ya Raba Su

Tun da ya ke wasan rabin aiki ya yi ya bar wa mai kallo rabi, dole sakamakon ya bambanta gwargwadon abin da kowa ya shigo da shi. Abu uku ne suka fi tasiri.

Na fari wurin kallo da lokacinsa. Waɗanda suka fara ganinsa ɗalibai ne, da tsakar dare, a zaure cike maƙil. Tsoro kuwa kamar hamma ya ke, in ɗaya ya yi sai na kusa ya kama. Wanda ya kalle shi daga baya a gida, da rana tsaka, yara na kai da kawowa, waya na hannunsa, in ya kau da ido na ɗan lokaci ƙofar ta riga ta motsa bai gani ba. Ƙaramin lasifika kuma ba ya fid da gurnanin nan na ƙasa. Irin wannan mutum in ya ce bai ga kome ba, ba ƙarya ya yi ba.

Na biyu talla. Kamfanin Paramount bai cika nuna wasan kansa a cikin tallarsa ba, 'yan kallo ya nuna. An ɗauki hotonsu cikin duhun zaure suna zabura, suna rufe ido, suna riƙe juna. Aka ce duk garin da ke so a kawo masa sai mutanensa su nema ta intanet, in masu nema sun kai miliyan ɗaya za a bazu da shi ƙasa duka, suka kuwa kai. Aka kuma baza labari wai Spielberg ya kalle shi a gidansa, ƙofar ɗakinsa ta kulle kanta, har ya mayar da faifan cikin jakar shara. Wannan duka ya cika zaure, har a ƙarshen watan Oktoba wasan ya zo na ɗaya a kasuwar sinima ta Amurka, ya kayar da Saw VI. Amma yawan zuga yana da nasa lahani. Wanda aka yi wata guda ana gaya masa zai ga abin da bai taɓa gani ba, ya kan shiga ne ya harɗe hannu, yana jira a kayar da shi. Ya zo gwada ƙarfi ne, wasan kuwa ba ya kama wanda bai saki jiki ba. Da yawa cikin masu kushe, tallar suka yi wa hukunci.

Na uku abin da ke zuciyar mutum tun daga gida. Wanda ya tashi a inda a ke hira a kan abubuwan da ido ba ya gani, ko wanda ya taɓa farkawa da dare ya ji kamar an danne shi ya kasa motsi, yana da itacen da wannan ashana za ta kama. Wanda duk wannan bai taɓa damunsa ba, in ya ga ƙofa ta motsa, zaren da aka ja ta da shi zai tsaya nema.

Wannan rabuwa ba a kan wasan Peli aka fara ta ba. A 1999 an fito da The Blair Witch Project, labarin ɗalibai uku da suka shiga dajin jihar Maryland binciken labarin wata mayya suka ɓace. Shi ma da kuɗi kaɗan aka yi shi, ya tara fiye da dala miliyan 240, masu sharhi suka yaba, 'yan kallo suka rabu, waɗansu ma girgizar kyamarar ta sa su tashin zuciya. A cikinsa ma ba a nuna mayyar ba ko sau ɗaya.

Maganar Gaskiya da Ƙarya

Akwai wata ƙara da ta fi waɗancan huɗun nauyi, ko da ya ke ba a cika ɗaga ta ba. Mai tatsuniya ta kan buɗe da “Ga ta nan, ga ta nanku,” ta rufe da “Ƙurunƙus,” don kowa ya san inda ƙarya ta fara da inda ta ƙare. Wannan wasa ya cire duka biyun. A farkonsa an rubuta godiyar kamfani ga iyalan Micah da Katie da 'yan sandan San Diego, kamar dai su suka ba da faifan. 'Yan wasan da sunayensu na gaskiya suka fito. A ƙarshe aka rubuta cewa an tsinci gawar Micah, Katie kuwa ba a san inda ta ke ba, ba a kuma bi da dogon jerin sunayen ma'aikata kamar yadda aka saba ba. Saboda haka waɗansu suka fita suna zaton abin da suka gani ya auku.

Ba abin da ya auku. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ɓace. 'Yan wasan biyu sun bayyana a jaridu da talabijin bayan wasan ya yi kasuwa, Katie Featherston ma ta sake fitowa a waɗanda suka biyo baya. Ga babban mutum mai hankali, wannan dabara ce ta masu sana'a, ya kan gane ta ya yi dariya. Ga yaro kuwa, ko wanda bai saba da sha'anin sinima ba, abin ya wuce wasa. A ƙasar Italiya, inda aka nuna shi a farkon 2010 ba tare da ƙayyade shekarun masu shiga ba, jaridu sun ba da labarin yaran da firgita ta kama, har ƙungiyoyin iyaye suka yi kuka a hana yara kallonsa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Laifin yana kan waɗanda suka buɗe wa yara ƙofa, amma wanda ya yi wa ƙarya rigar gaskiya shi ma yana da nasa kaso. Abin lura a nan shi ne, layi biyu na rubutu ne suka yi wannan aiki. Mutane da yawa su kan ɗauka duk abin da aka buga da haruffa, aka sa masa kwanan wata da sunan hukuma, gaskiya ne. Wanda ya iya karatu ya kamata ya ƙara da tambayar wa ya rubuta, kuma me zai samu in an gaskata.

Hukunci

Riba ta sa aka yi ta ƙara wa labarin jela. An fito da na biyu a 2010, na uku a 2011, na huɗu a 2012, wani a 2014, wani a 2015, wani kuma a 2021. A cikin na 2015, mai suna The Ghost Dimension, aka yi abin da masu kushe suka daɗe suna nema, watau aka kashe kuɗi aka nuna siffar shaiɗanin a fili. Masu sharhi suka yi tir da shi, kuɗin da ya tara kuwa bai kai rabin na farkon ba, ko da ya ke wata rigima da masu gidajen sinima, wadda ta sa da yawansu suka ƙi nuna shi, ita ma ta rage masa kasuwa.

Hukuncin da ya fi kusa da adalci shi ne, Paranormal Activity na farko ƙaramin aiki ne mai dabara ɗaya, amma ya riƙe dabarar nan da kyau. Hotunansa na dare aikin gwani ne, hirarsa ta rana tana da rauni, ƙarshensa kuma an sayar da shi don kururuwar minti ɗaya. Masu yabo sun wuce gona da iri sa'ad da suka ɗaukaka shi bisa dukan wasannin tsoro, masu kushe kuma sun yi kuskure sa'ad da suka ce babu kome a cikinsa. Kowannensu ya faɗi gaskiyar abin da ya ji a jikinsa, sai dai ya ɗauka abin da ya same shi shi ne zai sami kowa.

Saboda haka in wani ya zo yana yabon wani wasa, ko littafi, ko magani, ko kuwa yana kushe shi, ya kamata mai sauraro ya tambaye shi a ina ya gan shi, da wane lokaci, me aka gaya masa kafin ya je, me kuma ya je nema. Amsar waɗannan ta kan bayyana rabin ra'ayinsa. Sauran rabin kuwa, zuwa da kai ya fi aike. Wanda ke so ya gwada wannan wasa, ya bari sai dare ya yi, ya kashe fitila, ya ajiye waya, ya kuma tabbata yara sun riga sun yi barci.